Sukkot: Idin Bukkoki da Yahudawa ke yi a lokacin kaka

Idan watan Oktoba ya kama, damina takan fara haramar tafiya a Filato. Sabon amfanin gona yakan cika kasuwannin Jos, daga ta unguwar Abattoir har zuwa Farin Gada, majami'u su fara sanar da ranar bikin godiyar kaka, manoma Musulmi kuma su shiga lissafin zakkar hatsi. A daidai waɗannan makonni ne Yahudawa a sassan duniya, har da 'yan tsirarun da ke Nijeriya, suke fita daga ɗakunansu su koma cin abinci a cikin bukkoki na tsawon kwana bakwai. Sunan wannan biki da Ibrananci Sukkot, wato jam'in kalmar sukka, wadda ke nufin bukka ko rumfa. Masu karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa sun san shi da sunan Idin Bukkoki.

Lokacin da ake yinsa

Ana fara bikin ne ranar 15 ga watan Tishri na kalandar Yahudawa, daren da wata ya cika. Ranar 1 ga wannan wata ita ce sabuwar shekararsu, ranar 10 kuma ita ce Yom Kippur, ranar azumi da neman gafara. Ke nan kwana biyar kacal ke tsakanin ranar da ta fi kowace nauyi a shekararsu da bikin da addu'o'insu ke kira lokacin farin ciki.

Kalandar Yahudawa tana bin wata kamar ta Hijira, sai dai akwai bambanci guda. Watannin Hijira sukan matso da kimanin kwana 11 kowace shekara, shi ya sa azumin Ramadan ke zagayawa tsakanin bazara da damina da hunturu. Yahudawa kuwa sukan ƙara wata guda sau 7 a cikin kowace shekara 19, domin bukukuwansu su tsaya a yanayin da aka san su da shi. Saboda haka Sukkot ba ya barin tsakanin ƙarshen Satumba da ƙarshen Oktoba. Ranarsa ta farko ta kama 17 ga Oktoba a 2024, da 7 ga Oktoba a 2025, da 26 ga Satumba a 2026. Da yake rana a wurinsu tana farawa ne daga faɗuwar rana, ana shiga bikin tun yammacin jajibere.

A Isra'ila ranar farko ce kawai ba a aiki, a sauran ƙasashe kuwa masu kiyaye al'ada sukan ajiye aiki kwana biyu na farko. Ranakun tsakiya ana iya yin ayyukan da suka zama dole, amma iyalai da yawa sukan yi amfani da su wajen ziyara.

Asalinsa

Bikin yana da tushe biyu, kuma duka biyun suna cikin Attaura. Na farko noma ne. Littafin Fitowa ya ambace shi a matsayin idin tattara amfanin gona a ƙarshen shekara. A ƙasashen gabashin tekun Bahar Rum ana girbe sha'ir da alkama tun bazara, sai inabi da ɓaure da rumman da dabino su biyo baya, zaitun kuma ya rufe. Idan Tishri ya zo, hatsi ya shiga rumbu, 'ya'yan itace sun shiga tulu da kwando. Manoman wancan zamani sukan kafa 'yan bukkoki a gonakin inabi su kwana suna tsaron amfani, kamar yadda manomin ƙasar Hausa ke kafa bukka a gona mai nisa da gari.

Tushe na biyu tarihi ne. Babi na 23 na Littafin Firistoci ya umarci Bani Isra'ila su zauna cikin bukkoki kwana bakwai, domin zuriyarsu ta san cewa kakanninsu a bukkoki suka zauna bayan fitowarsu daga Masar a zamanin Annabi Musa, lokacin da suka yi shekara 40 a hamada ba su da gona, ba su da gida.

Malaman Yahudawa sun daɗe suna jan hankali ga yadda waɗannan tushe biyu suka haɗu. Musa bin Maimun, malamin da aka haifa a Kurɗuba ta Andalus, ya rasu a Masar a 1204, ya bayyana a littafinsa na Larabci Dalalatul Ha'irin cewa manufar bikin ita ce mutum ya tuna kwanakin wuya a lokacin da yake cikin wadata. Ranar da rumbu ya cika ita ce ranar da zuciya ta fi saurin raya wa mutum cewa ƙarfinsa da dabararsa ne suka tara masa. A ranar ce aka ce ya bar ɗakinsa mai ƙofa da makulli, ya zauna a ƙarƙashin rufin ganye.

A zamanin Haikali

Sukkot ɗaya ne daga cikin idi uku da ake zuwa Birnin Ƙudus dominsu, sauran biyun su ne Idin Ƙetarewa da Idin Makonni. Littafin Sarakuna na Farko ya nuna cewa a lokacin wannan idi ne Annabi Sulaiman ya buɗe Haikalin farko. Littafin Ƙidaya kuma ya tsara hadayun da ake yi: bijimi 13 a rana ta farko, ana rage ɗaya kullum har a kai 7 a rana ta bakwai, jimilla 70. Malaman Talmud sun fassara wannan adadi da cewa hadaya ce a madadin al'ummomin duniya 70 da aka sani a lissafinsu.

Akwai kuma al'adar ruwa. Kowace safiya akan ɗebo ruwa daga tafkin Siluwam a zuba a kan bagadi, da dare kuma a kunna manyan fitilu a farfajiyar Haikali ana kaɗe-kaɗe da raye-raye. Dalilin yana cikin yanayin ƙasar. Mu nan kaka tana zuwa ne a ƙarshen damina, su kuwa tana zuwa a ƙarshen rani, ruwan sama yana sauka daga wajen Oktoba zuwa Afrilu. Manomin da ke godiya kan amfanin bana, idonsa yana sama yana jiran ruwan da zai shuka na baɗi.

Littafin Nehemiya ya ba da labarin yadda aka raya bikin bayan dawowa daga zaman bauta a Babila, a ƙarni na 5 kafin Miladiyya: mutane suka fita duwatsu suka saro rassa, suka kafa bukkoki a kan soraye da tsakar gidaje da dandalin gari. Bayan Rumawa sun rushe Haikali na biyu a shekara ta 70 Miladiyya, hadayu suka tsaya, bikin ya koma gidaje da wuraren ibada na unguwanni, inda yake har yau.

Yadda ake gina bukkar

An tattara ƙa'idojin bukkar a wani sashe na Mishna, kundin dokokin da aka kammala wajen shekara ta 200 Miladiyya. Bango ana iya yinsa da kowane abu: katako, zane, tabarma, ko ma a jingina da bangon gida. Ana bukatar aƙalla bango biyu cikakku da ɓangaren na uku. Tsayinta kada ya gaza faɗin tafin hannu 10, wato tsakanin santimita 80 da mita guda, kada kuma ya wuce kamu 20, kimanin mita 10.

Rufin ne ake tsanantawa a kansa. Dole ya kasance abin da ya tsiro daga ƙasa kuma aka yanke shi, irin su ganyen dabino, gora, karan masara ko asabari. Kwano da leda da kankare ba su halatta ba. Ana so inuwar da ke ciki ta fi hasken rana yawa, amma al'ada ta fi son a bar 'yan kafofi yadda za a hangi taurari. Ba a kafa ta a ƙarƙashin bishiya ko wani rufi. Duk wanda ya taɓa kafa rumfar kara a ƙofar gida zai gane aikin da kallo ɗaya.

Mutane da yawa sukan kafa turken farko a daren da aka sha ruwan azumin Yom Kippur. Yara su ne masu ado: sukan rataya 'ya'yan itace da zane-zane da sarƙoƙin takarda. A cikin kwanakin bakwai ana cin abinci a ciki, ana hira da karatu, wasu har kwana suke yi. An ɗauke wa mara lafiya, haka nan idan ruwan sama ya yi ƙarfi har zai ɓata abinci sai a koma ɗaki, domin abin da aka nema shi ne mutum ya zauna a bukkar kamar yadda zai zauna a gidansa.

Tsirrai huɗu

Alama ta biyu ta bikin ita ce tsirrai huɗu da ake riƙewa a lokacin addu'a. Akwai etrog, wani irin babban lemo mai kaurin ɓawo da ƙamshi wanda Larabawa ke kira utrujja. Akwai lulab, wato tohon dabino da bai buɗe ba. Akwai rassa uku na wani ɗan itace mai ƙamshi da ake kira hadas. Sai rassa biyu na itacen bakin rafi da Larabawa ke kira safsaf. Ana ɗaure ukun wuri guda, a haɗa da lemon, a kaɗa su gabas da kudu da yamma da arewa da sama da ƙasa, alamar cewa babu kusurwar da ta fita daga mulkin Ubangiji.

Wani tsohon tafsirin Yahudawa ya kwatanta tsirran da mutane iri huɗu. Lemon yana da ɗanɗano da ƙamshi, kamar mai ilimi da aikin kirki. Dabino yana da ɗanɗano ba ƙamshi, hadas yana da ƙamshi ba ɗanɗano, itacen bakin rafi kuwa ba shi da ko ɗaya. Hukuncin shi ne idan ɗaya ya ɓace, ko da wanda ba shi da komai ne, ibadar ba ta cika ba. Ɗaliban hadisi za su tuna da misali mai kama da wannan a Bukhari da Muslim, inda aka kwatanta mumini mai karatun Alƙur'ani da utrujja, mumini da ba ya karantawa kuma da dabino.

Neman lemo marar tabo ya haifar da ciniki mai tsohon tarihi. Ana noma shi a yankin Kalabriya na kudancin Italiya da Isra'ila da kuma duwatsun kudancin Maroko, inda manoma Musulmi 'yan ƙabilar Amazig suka gaji wannan sana'a, 'yan kasuwar Yahudawa kuma suna zuwa saye kafin kowane biki.

Biki ne na jama'a

Babi na 16 na Maimaitawar Shari'a ya lissafa waɗanda maigida zai yi murnar idin tare da su: 'ya'yansa, barorinsa, Balawen da ba shi da gona, baƙo, maraya da gwauruwa. A babin da aka kafa idin a Littafin Firistoci akwai kuma umarnin a bar gefen gona da abin da ya zube ga matalauci da baƙo, abin da Bahaushe ke kira kala. Musa bin Maimun ya yi hukunci mai zafi a kan haka: wanda ya kulle ƙofarsa ya ci ya sha da iyalinsa bai ciyar da mabukaci ba, murnar cikinsa ya yi, ba ta ibada ba.

Daga littafin Zohar, wanda ya bayyana a ƙasar Sifaniya a ƙarni na 13, aka samo al'adar gayyatar baƙi bakwai na ruhi, ɗaya a kowane dare: Ibrahim, Ishaƙu, Yaƙubu, Yusufu, Musa, Haruna da Dawuda. Dukansu sun taɓa barin gida, ko don hijira ko don gudun maƙiyi. Littafin ya ce rabon abincin waɗannan baƙi matalauta za a ba.

A aikace, wannan ya sa bikin ya zama na unguwa. A biranen da mutane ke zaune a benaye, kamar New York da Landan da Faris, ba kowa ke da filin kafa bukka ba, don haka wurin ibada ko makaranta kan gina babba guda, a raba aiki: wasu su saro ganye, wasu su kafa, wasu su kawo abinci. Yara sukan bi bukka-bukka ana ba su alewa, kamar yawon sallah. Ƙungiyar Chabad takan ɗora bukka a bayan motar ɗaukar kaya ta zagaya asibitoci da jami'o'i domin waɗanda ba su samu zuwa ba.

A wurin ibada ana karanta Zabura ta 113 zuwa ta 118 kowace safiya, a kewaya mumbari da tsirran huɗu. Rana ta bakwai, Hoshana Rabba, ana kewayawa sau bakwai. Rana ta takwas idi ne mai zaman kansa, Shemini Atzeret, inda ake roƙon ruwa. Sai Simhat Tora, ranar saukar Attaura: an raba littattafan biyar zuwa kashi 54 ana karantawa mako-mako, a ranar sai a kai ƙarshe a kuma koma farko nan take, ana rawa da naɗaɗɗun littattafan. A Isra'ila ana haɗa waɗannan biyu rana guda.

Samariyawa, ƙaramar al'ummar da ba ta kai mutum 1,000 ba, wadda ke zaune a Dutsen Gerizim kusa da Nablus da kuma garin Holon, suna yin nasu bikin ta wata hanya dabam: a cikin ɗaki suke kafa bukkar, su jera rumman da lemo da sauran 'ya'yan itace a rufinta.

A Nijeriya da sauran Afirka

Yahudawan duniya sun haura miliyan 15, mafi yawansu a Isra'ila da Amurka. A Afirka akwai tsofaffin al'ummomi a Maroko da tsibirin Jerba na Tunisiya da Habasha da Afirka ta Kudu, akwai kuma Abayudaya na yankin Mbale a Yuganda, waɗanda suka rungumi addinin wajen 1919 a ƙarƙashin Semei Kakungulu.

A Nijeriya masu bin addinin Yahudanci galibinsu 'yan ƙabilar Ibo ne, kuma suna da wuraren ibada a jihohin kudu maso gabas da Fatakwal da Legas da Abuja. Daga cikin sanannu a babban birnin tarayya akwai Gihon da ke Jikwoyi da Tikvat Israel da ke Kubwa. Ƙungiyar Chabad ma tana da cibiya a Abuja tun 2012, wadda ke hidima musamman ga Yahudawa baƙi da ke aiki a ƙasar. Hukumomin addini na Isra'ila ba su amince da Yahudawan Ibo a hukumance ba, amma hakan bai hana su kiyaye Asabar da bukukuwa ba. Kayan bukka ba ya yi musu wuya, tunda gora da ganyen kwakwa suna ko'ina. Lemon etrog da hadas ne akan shigo da su daga waje. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi rubutu a kansu shi ne Farfesa William Miles na Jami'ar Northeastern da ke Boston, wanda ya zauna a Magarya ta Jamhuriyar Nijar, ya wallafa Hausaland Divided a 1994 kan Hausawan da iyakar Nijar da Nijeriya ta raba, sannan ya wallafa Jews of Nigeria a 2013.

A Jos, inda hedikwatocin ECWA da COCIN suke, hanyar da aka fi sanin wannan biki ita ce ta Littafi Mai Tsarki, wanda cikakkiyar fassararsa ta Hausa ta fara fitowa a 1932. Babi na 7 na Bisharar Yahaya ya ba da labarin zuwan Yesu Urushalima a lokacin Idin Bukkoki, babi na 14 na Littafin Zakariya kuma ya yi maganar ranar da al'ummomi za su taru domin kiyaye shi. Bisa wannan ne wata ƙungiyar Kirista mai suna International Christian Embassy Jerusalem ke shirya taron shekara-shekara a birnin tun 1980, kuma 'yan Nijeriya na cikin masu halarta.

Bikin godiyar kaka da majami'un Jos ke yi ba Sukkot ba ne. Siffarsa ta yanzu ta samo asali ne daga Ingila, inda wani limamin Anglikan, Robert Hawker, ya fara shi a Morwenstow a 1843, mishan kuma suka kawo shi nan. Sai dai nassosin da ake yawan karantawa a ranar su ne na idin girbi na Attaura, kuma abin da ake yi ya yi kama: a kawo buhun masara ko acca ko dankali gaban jama'a, a ware rabon gwauraye da marayu. A ɓangaren Musulmi akwai zakkar amfanin gona, ɗaya bisa goma ga abin da ruwan sama ya shayar, rabin haka ga noman ban-ruwa. A al'adar Hausa akwai kalankuwa da dambe da kokawa bayan an kai amfani gida, Ibo kuma suna da bikin sabuwar doya. A Filato maganar rabon mabukaci tana da nauyi na musamman, domin hare-haren da aka kai a ƙananan hukumomin Mangu da Bokkos da Barikin Ladi a 2023 sun raba dubban manoma da gidajensu da gonakinsu, wasu suka ga kaka a matsugunan wucin-gadi.

Abin da ya sa ake jin sunansa a labarai

Masu bin labaran Gabas ta Tsakiya sukan ji an ambaci Sukkot saboda wani dalili dabam. A kwanakin bikin dubban Yahudawa kan taru a Bangon Yamma a Birnin Ƙudus, adadin masu shiga harabar Masallacin Al-Aƙsa da rakiyar 'yan sandan Isra'ila kuma yakan ƙaru. Wurin shi ne Yahudawa ke ɗauka a matsayin inda Haikalinsu ya tsaya. Falasɗinawa da ƙasar Jodan, wadda ke kula da wakafin masallacin, suna kallon wannan shiga a matsayin keta tsarin da aka daɗe a kai, kuma sau da yawa hakan kan jawo zaman ɗar-ɗar. Harin da Hamas ta kai ranar 7 ga Oktoba 2023, wanda yaƙin Gaza ya biyo bayansa, ya faɗo ne a ranar Shemini Atzeret.

Ga akasarin masu yin bikin, a Kubwa ne ko a Kasablanka ko a Buenos Aires, al'amarin na tsakar gida ne da unguwa. Idan kwanakin suka cika sai a kwance bukkar, a ajiye turaku da tabarmi sai baɗi. Wasu kan adana busasshen tohon dabinon har watanni shida, su hura wutar da ake ƙona ragowar burodi mai yisti da shi a jajiberen Idin Ƙetarewa, lemon kuma a dafa shi da sukari a ci.